Me ya sa mayen ƙarfe yake jan ƙusa?

Wataƙila kana yaro ka taɓa ciro mayen ƙarfe daga tsohuwar lasifika, kana jan sa a ƙasa yana kwaso ƙusoshi. Ba batir, ba waya. To, ƙarfin daga ina?

Me ke cikinsa?

Komai da ƙwayoyin zarra aka gina shi, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. A kowace zarra akwai ilektiron, wato 'yar ƙwayar da ke gudana cikin waya idan an kawo wuta. Kowane ilektiron shi kansa ɗan mitsitsin maganaɗisu ne, wato mayen ƙarfe, saboda wata ɗabi'a tasa da masana suka kira juyi. Wasu matasa biyu a Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, George Uhlenbeck da Samuel Goudsmit, su suka fito da batun a 1925.

Juyawa yake kamar katantanwa?

A'a, sunan ne ke ruɗarwa. Katantanwa tana gajiya ta faɗi, shi kuwa juyin ilektiron ba ya raguwa, ba ya ƙaruwa. Kuma idan aka auna inda ya fuskanta, amsa biyu ce tak: ko sama ko ƙasa. An ga haka tun 1922, kafin a fito da batun juyi, a Frankfurt ta Jamus, inda Otto Stern da Walther Gerlach suka harba zarrar azurfa ta tsakanin maganaɗisu. Maimakon ta bazu, sai ta rabu gida biyu.

To, me ya hana mayen ƙarfe jan katako?

A yawancin abubuwa ilektiron bibbiyu suke zama, ɗaya sama ɗaya ƙasa, sai kowanne ya kashe ƙarfin ɗan'uwansa. A baƙin ƙarfe akwai waɗanda ba su da abokin zama, kuma maƙwabta suna fuskantar waje guda, unguwa-unguwa. A ƙusa kowace unguwa da inda ta sa gaba. Da mayen ƙarfe ya matso sai su daidaita sahu, ƙusar ta manne.

Ƙarfin yana gushewa?

Zafi ne maƙiyinsa. Idan zafin baƙin ƙarfe ya wuce digiri 770 a ma'aunin Salshiyas, sai sahun ya watse. Shi ya sa mayen ƙarfe ba zai kama ƙarfen da maƙeri ya ciro jajawur daga wuta ba, sai ya huce.

Ina ruwanka?

Na'urar MRI ta asibiti da irin wannan juyi take ɗaukar hoton cikin jiki, sai dai na furoton ne, ƙwayar da ke tsakiyar zarrar haidurojin ta ruwan jikinka. Maganaɗisunta mai ƙarfi ne sosai, don haka ake cewa ka ajiye makulli da waya kafin ka shiga.