Ina ya kamata ka tsaya don kallon Hawan Daushe?

Mutanen Zinyau da sauran ƙauyukan Kibiya da Rano da ke shiga birnin Kano kallon Sallah sukan yi wa Hawan Daushe tsinke, wanda ake yi washegarin Idi da yamma. Matsalar ita ce wurin tsayawa.

Kowa Ƙofar Kudu yake nufa, domin a filinta hakimai ke yi wa Sarki jafi, 'yan bindiga su yi ta ɓarin wuta har hayaƙi ya turnuƙe. Amma rumfar da ke wurin ta manyan baƙi ce. Wanda bai kama gefen filin ba tun bayan Azahar, ƙeyar mutane kawai zai kalla.

Mai yara ƙanana gara ya haƙura da filin. Ya nemi gefen titi a hanyar da Sarki ke bi zuwa Babban Ɗaki gaishe da mahaifiyarsa. A nan dawaki tafiya suke yi a jere, za ka ƙare wa kayan doki da rawunna kallo a tsanake. Ka bar rana a bayanka, ka guji kwana da bakin lungu, don nan doki ya fi firgita idan bindiga ta tashi. Kada ka manta da ruwan sha.

UNESCO ta sanya hawan Kano cikin al'adun gado na duniya a Disambar 2024. Sai dai 'yan sanda sun hana hawa a 2024 da 2025 saboda rikicin masarauta, don haka ka saurari sanarwa a rediyo kafin ka biya kuɗin mota.