Launin Tsohon Kwabo Shi Ne Kuɗinsa: Jan Hankali Ga 'Yan Kasuwar Jalingo

Jalingo, Jihar Taraba. A gidaje da dama na wannan gari, wanda ya zama hedkwatar jiha ran 27 ga Agusta, 1991, ba a rasa ɗan gwangwani ko ƙullin tsumma a ƙasan adudu mai ɗauke da anini da ɗari da kwabo mai huji, waɗanda iyaye da kakanni suka bari. An daina ciniki da su tun bayan shigowar Naira da Kwabo ran 1 ga Janairu, 1973. To amma a wasu ƙasashe akwai kasuwa ta musamman ta masu tara tsofaffin kuɗi, kuma a wannan kasuwa launin kwabo na daga cikin manyan abubuwan da ke yanke masa farashi. Abin takaici shi ne, abu na farko da mai irin wannan ajiya kan yi in ya ji ana saye, shi ne ya samo toka da lemon tsami ya dirje su har su yi ƙyalli. Da wannan dirza ɗaya yakan zubar da mafi yawan darajar hajarsa.

Idan dai ba a manta ba, tun a 1907 Turawan mulkin mallaka suka fara buga wa Nijeriya kwabo da anini masu huji a tsakiya, kafin a kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912. Ko da yake kalmar kwabo ta samo asali ne daga sunan jan ƙarfe a Ingilishi, kwabban farko farare ne, domin an garwaya jan ƙarfen da nikel. Sai a 1952 aka koma buga su da tagulla mai launin ja. Bayan Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ran 1 ga Yuli, 1959, ya fito da kwabo da ɗari na Tarayyar Nijeriya, su ma na tagulla masu huji da tauraro mai tsini shida. A 1973 aka sake buga kwabo ɗaya mai hoton rijiyoyin mai, da rabin kwabo mai hoton auduga, duka na tagulla. Amma ƙananan kuɗin da aka fito da su a 1991 baƙin ƙarfe ne aka yi masa rufi da jan ƙarfe, shi ya sa mayen ƙarfe ke ɗaukar su. Saboda haka maganar launi ta fi shafar waɗanda aka buga daga 1952 zuwa shekarun 1970.

Dalilin canjin launi ba boyayye ba ne. Sabon kwabo yakan fito daga masana'anta ja wur, yana walƙiya. Da zarar iska da laima da gumin hannu sun taɓa shi, sai samansa ya fara haɗuwa da iskar da ake shaƙa da kuma burbushin farar wuta da ke cikin hayaƙi da wasu takardu, ya riƙa duhu sannu a hankali, daga ja zuwa ruwan goro, daga nan zuwa ruwan ƙasa, har ya kai ruwan makuba. Wannan tafiya ba ta komawa baya. Duk kwabon da ya rasa jansa na asali ya rasa shi ke nan, kuma jan da dirza ke fitarwa daban yake, mai kodaɗɗen haske, wanda idon gwani ke ganewa nan take.

A nan ne ilimin tattalin arziki ya shigo. An buga waɗannan kuɗi miliyoyi barkatai, don haka kwabon da ya sha yawo a hannun jama'a ba shi da wuyar samu, kuma abin da ake biya a kansa bai taka kara ya karya ba. Wanda bai taɓa shiga kasuwa ba, ya kuma riƙe jansa shekara sittin ko saba'in, shi ne ke da ƙaranci, kuma adadinsa raguwa yake yi kowace shekara, alhali ba a buga sabo. Hajar da ke raguwa masu nema na ƙaruwa, tilas ta yi tsada.

Don a daidaita ciniki, 'yan kasuwar Amurka sun yi wa abin ma'auni. A 1949 wani masani mai suna William Sheldon ya tsara ma'aunin lafiyar kuɗi daga lamba 1 zuwa 70, kuma tun asali saboda tsofaffin kwabban jan ƙarfe na Amurka ya tsara shi. Daga baya aka kafa kamfanonin tantancewa, PCGS a 1986 da NGC a 1987, waɗanda kan duba kwabo su ba shi lamba, su rufe shi cikin gidan roba mai hatimi. Ga kuɗin jan ƙarfe sukan ƙara bayanin launi kashi uku: ja, ja mai ruwan ƙasa, da ruwan ƙasa. A ƙa'idar PCGS, sai kwabo ya riƙe kimanin kashi 95 cikin ɗari na jansa kafin a kira shi ja. In abin da ya rage bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, ya zama ruwan ƙasa. Sau da yawa kwabbai biyu na shekara ɗaya masu lamba ɗaya, sai a sayar da jan a kan ninkin kuɗin ɗan'uwansa. Wanda aka gano an dirje shi kuwa, ba a ba shi lamba ko kusa, sai a rubuta a jikin gidansa cewa an wanke shi, tabon da zai bi shi duk inda aka kai shi.

Sai dai kuma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai masu tara kuɗi, musamman masu sha'awar kwabban ƙarni na 18 da na 19, da suka fi son ruwan makuba mai santsi wanda ya game fuska biyun daidai wa daida. Hujjarsu ita ce wannan launi ya riga ya zauna, ya zama garkuwa ga ƙarfen, alhali mai ja kullum yana cikin haɗarin yin tabo ko duhu, jarin mai shi ya ragu yana kallo. Wasu kuma sukan ƙara kuɗi a kan kwabon da ruwan ƙasarsa ke ɗauke da ɗan shuɗi ko shunayya in an juya shi a haske. Wannan sha'awa ce ta sa wasu marasa gaskiya ke gasa kwabo ko shafa masa magani don ya yi launin ƙarya, abin da kamfanonin tantancewa ke ƙin amincewa da shi. Abin da kowa ya yarda a kai shi ne, koren tsatsa mai gari-gari cuta ce, domin cin ƙarfen take yi har ta bar ramuka.

Yanayin Jihar Taraba na da nasa tasiri. Damina a Jalingo takan ɗauki kimanin wata shida, garuruwan bakin Binuwai irin su Ibi da Lau na da laima, haka nan tsaunin Mambila. Laima kuwa ita ce babbar abokiyar gabar jan ƙarfe. Bugu da ƙari, al'adar zura kwabbai a zare, da yadda mata kan yi ado da su a kitso, ta sa yawancinsu sun goge ko sun sha mai da gumi. Saboda haka mafi yawan abin da za a tarar a gidaje mai ruwan ƙasa ne, kuma bai kamata kowa ya sa rai da arzikin dare ɗaya ba. Duk da haka, wanda ya dace da ƙunshin da ba a taɓa kashewa ba, irin wanda tsofaffin ma'aikatan banki ko akawun kanti kan ajiye, yana riƙe da abin da ya fi ƙarfin sikelin 'yan gwangwan, waɗanda nauyin ƙarfe kawai suke biya.

Shawarar da masana wannan sana'a kan bayar ba ta da tsada. Kada a wanke kwabo da toka, ko tsamiya, ko lemon tsami, ko man goge ƙarfe. A riƙe shi ta gefe, domin zanen yatsa kan zama tabo na dindindin. A ware kowane ɗaya daban, a ajiye a busasshen wuri nesa da hayaƙin murhu, a kuma guji leda mai laushi, wadda kan fitar da wani danƙo kore in ta daɗe. A raba masu koren tsatsa da masu lafiya. Kafin a sayar, a duba shekarar bugu da ƙananan haruffan masana'anta, kamar H ko KN na masana'antun Birmingham ta Ingila, domin su ma suna canza farashi.

Masu iya magana kan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ɗan kasuwar da ya san bambancin ja na asali da jan toka, shi ne zai yi ciniki ido buɗe ranar da mai saye ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Wanda ya riga ya dirje nasa kuwa, ba shi da sauran abin tayawa sai nauyin ƙarfe.