Maganin Yaro Sai An Gwada Shi: Darasi Daga Madarunfa

Ya ku iyaye mata da masu wayar da kai na Maraɗi, Tibiri da Jiratawa, kun san idan aka karɓi yaro mai tamowa mai tsanani a CSI, ana haɗa masa Plumpy'Nut da maganin amoksisilin na kwana 7. Wannan magani ba da ka ake bayar da shi ba. An gwada shi, kuma a nan jiharmu.

Daga Oktoba 2012 zuwa Nuwamba 2013, cibiyar bincike ta Epicentre, ta ƙungiyar MSF, ta yi gwaji a gidajen likita huɗu na gundumar Madarunfa. Yara fiye da 2,400, masu wata 6 zuwa 59, suka shiga da yardar iyayensu. Dukansu sun samu abincin tamowa. Rabi aka ba su amoksisilin, rabi kuwa aka ba su wani abu mai kama da shi wanda babu magani a ciki. Uwa ba ta san wanda ɗanta ya samu ba, ma'aikacin ma bai sani ba, don kada son rai ya shiga lissafi.

Sakamakon ya fito a 2016. Kusan kashi 66 cikin 100 na masu shan maganin sun warke, kusan kashi 63 kuma a ɗaya ɓangaren: tazarar ba ta da yawa. Amma waɗanda ciwo ya tsananta musu har aka kwantar da su asibiti sun fi ƙaranci cikin masu shan maganin, kusan kashi 26, inda sauran suka kai kusan 31.

To, idan sanannen magani sai da aka bi yara dubu biyu da ɗoriya kafin a san iyakar amfaninsa, ina ga ƙwayar da aka saya a tebur, babu awo, babu likita?

Biyu daga cikinsu sun fi damun mu. Na farko maganin ƙiba, wanda ake kira “sha ka fashe”. Sau da yawa deksametazon ne, mai kwaikwayon wani sinadari da jiki ke yi da kansa. Yana kumbura fuska, uwa ta ɗauka ƙiba ce, alhali yana raunana garkuwar jiki. Na biyu maganin ƙwannafi na manya. Aikinsa rage tsamin ciki, shi kuwa tsamin nan shi ke kashe ƙwayoyin cuta da ke shiga da abinci. Yaro mai tamowa dama nasa ya yi ƙasa.

Saboda haka, uwa, kada ki ɓantari maganin babba ki ba yaro, domin na yaro da nauyinsa ake auna shi. Ki cika kwana 7 na amoksisilin ko da kin ga sauƙi. Idan ya daɗe yana shan maganin ƙiba, kada ki yanke masa rana ɗaya, akwai haɗari. Ki kawo shi CSI tare da kwalin.

Ku kuma masu wayar da kai, duk gidan da kuka shiga awon damtse, ku tambaya cikin ladabi: “Inna, wane magani yake sha?” Ba da faɗa ba, domin ƙauna ce ta sa ta saya. Idan awon ya nuna ja, ko ƙafafu biyu sun kumbura, ko yaron ya ƙi ci, ku tura shi likita a ranar.