Kafin A Gina Wa Minna Rumfar Kurket

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin masoya wasanni a Minna, daga Bosso har Chanchaga: wai kurket ba zai kafu a Jihar Neja ba sai ranar da gwamnati ta gina masa katafaren fili mai rumfuna da fitilu da mazaunin manyan baƙi. Masu faɗin haka ba maƙiyan wasan ba ne. Da yawansu malaman motsa jiki ne da tsofaffin 'yan wasa, waɗanda ke ganin jama'a a filin Bako Kontagora ranar da Niger Tornadoes ke wasa, ransu ya biya. Ina girmama wannan kishi nasu. Sai dai a ganina, ana shirin sayen sirdi ne tun ba a ɗaure doki ba.

Duk faɗin filin kurket, ransa yana wani siririn ziri ne a tsakiya, mai tsawon mita 20.12 da faɗin mita 3.05. A nan mai jifa ke sauke ƙwallo, a nan mai bugu ke tsaye yana jiranta. Ƙwallon kuwa tauri gare ta, nauyinta ya kusa giram 160. Idan zirin ya yi daidai, za ta tashi yadda ido ya zata. Idan yana da rami ko tsakuwa, wata ta bi ƙasa, wata ta nufi haƙarƙari ko fuska. Yaron da ƙwallo ta fasa wa leɓe a makonsa na farko da wuya ya dawo, kuma uwarsa ma ba za ta bar shi ba.

Wanda ke shakka ya dubi abin da ya faru a Amurka a 2024. Domin Gasar Kofin Duniya ta T20, an kafa fili a gundumar Nassau da ke New York, mai ɗaukar 'yan kallo 34,000, cikin 'yan watanni. Kujeru sun yi kyau, amma zirin tsakiya, wanda aka reno a Florida aka kawo a manyan motoci, bai samu lokacin zama ba. Sri Lanka ta ƙare da maki 77 kacal a gaban Afirka ta Kudu, Ireland ta ƙare da 96 a gaban Indiya, ƙwallo tana ta dukan 'yan wasa a jiki. Hukumar kurket ta duniya, ICC, da kanta ta ce zirin waɗannan wasanni biyu bai gamsar ba. Da aka gama wasanni takwas, aka kwance rumfunan da kujerun. Kuɗi ba su yi ƙaranci a can ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne haƙurin da ƙasa da ciyawa ke bukata.

A gida kuma darasin ɗaya ne, ta fuskar alheri. Filin kurket na Dandalin Tafawa Balewa a Legas ya daɗe da zirin kankare. Gyaran da ya ɗaga darajarsa shi ne mayar da zirin na ciyawa, kuma a Maris 2022 ya karɓi gasar mata ta ƙasa da ƙasa da Ruwanda da Ghana da Saliyo da Gambiya suka halarta. Sylvester Okpe, wanda ya tashi a Kaduna, ya jagoranci matasan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 zuwa Gasar Kofin Duniya ta 2020 a Afirka ta Kudu tun ba a yi wannan gyara ba. A Janairu 2025, 'yan matan Najeriya suka doke New Zealand da maki biyu a Malesiya. Ba rumfa ce ta koya musu riƙon sanda ba.

To me Minna ke bukata? Da farko, ragar atisaye. A zuba daɓen kankare mai santsi, a shimfiɗa masa tabarmar roba, a kewaye da ƙarafa da raga, layi biyu ko uku a jere. A kusurwar filin makarantar sakandare ma zai shiga, kuma yara da dama za su yi jifa da bugu a yammaci ɗaya ba tare da an bi ƙwallo cikin ciyayi ba. A sa zirin ya miƙe kudu da arewa, domin in ya fuskanci yamma, ranar la'asar za ta riƙa shiga idon mai bugu, lokacin da yaranmu suka fi samun sukunin wasa ke nan bayan makaranta da Islamiyya. Wannan ba ya cin ko kwabo, tunani kawai yake so tun ranar awo.

Sai ruwa, wanda shi ne babbar jarrabawar garinmu ta fuska biyu. Daga Afrilu zuwa Oktoba sama na zubarwa, a Agusta da Satumba fili marar magudana kan koma tafki. Daga Nuwamba kuma hunturu ya busar da komai, Maris ya zo da zafinsa, mutanen unguwanni suna bin 'yan garuwa. Zirin ciyawa yumɓu ne mai kauri da ake dasa wa ƙiri-ƙiri, a yi masa ban-ruwa, a aske, a bi shi da rola har ya yi tauri. In babu rijiyar burtsatse da tanki, rani ɗaya ya isa ya tsattsage shi. Saboda haka nake cewa a fara da kankare a makarantu, a tanadi zirin ciyawa guda ɗaya tak a inda ruwa ya tabbata. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Gidan Kwano tana da masana ƙasa da injiniyoyi. Su ya kamata su gwada yumɓun jihar nan, wadda tukwanen Suleja da Tatiko suka daɗe da shaidar arzikin ƙasarta, a ga ko akwai wanda ya dace kafin a yi tunanin ɗauko shi daga nesa.

Akwai kuma mutumin da ba a taɓa sa shi a takardar kwangila: mai kula da fili. Shi ya san ranar da za a ba ziri ruwa da ranar da za a rufe shi da tamfol. A tura matasa biyu su koyi aikin a filayen kurket na babban filin wasa na Moshood Abiola a Abuja, tafiyar da ba ta wuce ta yini ba ta hanyar Suleja, sannan a sa musu albashi a kasafi. Wannan ya fi mini fitilu dubu.

'Yan'uwa masu son rumfa suna da gaskiya a wuri biyu, kuma ba zan tauye musu ba. Fili marar katanga ba ya daɗewa: awaki za su cinye ciyawar, masu koyon mota su tattake zirin, masu biki su kafa turakun rumfarsu a tsakiyarsa. Haka kuma babu uban da zai bar 'yarsa ta je inda babu ban-ɗaki da ɗakin sauya kaya da inuwar zama. Waɗannan gine-gine ne, kuma wajibi ne. Ruwanda ta nuna yadda ake yin su ba da almubazzaranci ba: rumfar filin Gahanga da aka buɗe a Kigali a 2017, da tubalin ƙasar yankin aka ɗaga ta, kuma mutanen yankin ne suka yi aikin. Minna ba ta rasa magina ba. In aka samu katanga da ruwa da raga a makarantu huɗu ko biyar, aka fara gasa tsakaninsu kowane zango, yawan iyayen da za su zo kallo ne zai faɗa wa mai zane girman rumfar da zai zana.