Motocin da Italiya ke ƙera wa filin tsere kaɗai

Wanda ya tsaya mararrabar Tsarnawa da hantsi zai ga kamyo ɗauke da albasar Galmi, wani da simintin Malbaza, ga ƙananan motoci na nufin Tawa. Dukkansu aiki ya fito da su. Amma a ƙasar Italiya akwai motocin da ba su da izinin hawa gudron ko kaɗan, kuma su ne matasanmu ke nuna wa juna cikin salula. Ya kamata masu karatu su san gaskiyar abin.

A shekara ta 2005 kamfanin Ferrari na garin Maranello ya fito da wata mai suna FXX. Kimanin 30 kawai aka ƙera. Kuɗin guda ya kai yuro miliyan 1 da rabi, wato kusan miliyar guda ta sefa. Abin mamaki, yawancin masu ita a hannun kamfanin suke barinta. Ranar da aka shirya taro, sai a kai musu ita filin tsere tare da makanikai, su tuƙa, a maida ta ma'ajiya.

Sirrin yana ga injin. Peugeot 504 da muka saba da ita silinda 4 gare ta, lita 2 ko ƙasa kaɗan. Na FXX silinda 12 ne, jere biyu masu kama da baƙin V, lita 6,3. Cikin kowace silinda ana matse iska da isansi, wuta ta tashi, ta tura fistan. Da yake silindar na da yawa, turin ba ya yankewa, har injin ya juya sau 8.500 a minti guda, ya ba da ƙarfin doki 800. Mu masu fassara kalmar nan ta daɗe tana ba mu wahala, don ba dokin sarki ake nufi ba. Awo ne: ƙarfin da zai ɗaga kilo 75 tsawon mita guda cikin daƙiƙa guda.

A 2014 aka yi FXX K, wadda aka ƙara wa injin lantarki mai tara ƙarfi duk lokacin da aka taka birki. Ta kai doki 1.050. Lamborghini kuma ya fito da Essenza SCV12 a 2020, guda 40, doki 830.

A ganina mai babur da ke kwaikwayon wannan gudu tsakanin Ƙwanni da Malbaza ya manta abu guda: filin tsere ba jaki, ba amalanke, ba yaro mai tsallaka hanya. Motar kanta cikinta na dab da ƙasa, ramin farko na hanyar ƙauyukan Illela zai tsaida ta.

Shi Ferruccio Lamborghini ɗan manoma ne. Da tarakta ya fara a 1948, sai 1963 ya shiga ƙera mota. Taraktoci masu sunansa har yanzu suna huɗa gonaki a Turai.