Yadda Bangaladash Ta Rage Mutuwa a Lokacin Guguwa

Gaɓar tekun Bangaladash shimfiɗaɗɗiya ce, shi ya sa idan guguwa ta taso, ruwa kan haura ya mamaye ƙauyuka da gonakin shinkafa. A 1970 guguwar Bhola ta hallaka aƙalla mutum 300,000. Bayan wannan masifa aka kafa rundunar 'yan sa-kai. Su ke zagaya ƙauyuka a kan keke da amsa-kuwwa, suna ɗaga tutocin gargaɗi, suna kai tsofaffi da masu juna biyu mafakar kankare da aka ɗora bisa ginshiƙai, wadda galibi makaranta ce a ranakun lafiya. Dabarar ta yi aiki ƙwarai: a guguwar Sidr ta 2007, hukuma ta ƙidaya mamata kimanin 3,400. Gonaki kuwa har yau ruwan gishiri na lalata su.