Farin Hayaƙi da Asuba: Kada a Yi Saurin Sauke Injin

Daga Disamba zuwa Janairu, lokacin da hunturu ya sauka a Jahun da fadamun Kogin Haɗejiya, sanyin asuba yakan kai ƙasa da digiri 15. Wannan kuwa shi ne lokacin da motar ƙungiya ta fi aiki: ga shinkafa da riɗi za a kai Gujungu ko Kano, ga tumatir na noman rani da ba ya jiran kowa. Sai direba ya tada tsohuwar 911, farin hayaƙi ya turnuƙe, membobi su fara cewa injin ya gama. Wasu ƙungiyoyi sukan kwashe kuɗin taki su ba makaniki ya sauke injin da lafiyarsa ƙalau.

'Yan'uwa, farin hayaƙi iri uku ne, kuma hanci da ido sun isa su raba su.

Injin gas ba shi da fulogi irin na motar fetur. Fistin ne yake matse iska har ta yi zafi fiye da digiri 500, sa'an nan nozul ya fesa mai ya kama da kansa. Idan ƙarfe ya kwana cikin sanyi, yakan shanye zafin nan, wani man ya fita ta salansa bai ƙone ba. Haka kuma raɓar da ta taru cikin salansa takan fita kamar tururi. Idan hayaƙin ya ɗauke cikin minti biyu ko uku, injin kuma ya daidaita, babu ciwo. A bar motar ta ɗumama a hankali, kada a taka totur.

Na biyu shi ne hayaƙin da yake warin ɗanyen gas, yana sa ido hawaye, injin yana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Nan akwai abin dubawa, amma a fara da mai araha. Ƙananan motoci kamar tsohuwar Hilux ta gas suna da hita a kowace silinda. Guda ɗaya ta mutu, silindar nan ba za ta kama da wuri ba. Batir mai rauni ma yana jawo haka, domin ba ya juya injin da saurin da iska za ta yi zafi. Sai man kansa. Tun da litar gas ta haura naira 1,000 a 2023, da yawa sun koma sayen na jarka a bakin hanya, wanda sau da yawa akwai ruwa ko kananzir a ciki. A zuba kaɗan a farar kwalba a ajiye. In da ruwa, zai kwanta a ƙasa. A tsiyaye gindin tanki, a sake filta. In duk wannan bai yi ba, sai a kai nozul wurin masu gwaji, a duba taimin na famfon mai da tafet. Hayaƙin da yake daina fita idan injin ya yi zafi, amma kullum tashin safe yana ƙara wuya, motar kuma tana shan baƙin mai, alama ce ringi sun cinye. Wannan ne kaɗai a cikin irin nan da zai kai ga buɗe injin, kuma yakan ba da lokaci a tara kuɗi.

Na uku ne mai haɗari: hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa ko an yi tafiya, ba shi da warin gas. Littattafan Turawa sukan ce yana da ƙanshi mai zaƙi, amma wannan na masu zuba maganin lagireto ne. Mu nan ruwan rijiya muke zubawa, don haka ba za a ji kome ba. Ruwa ne yake shiga silinda, ko gasket ya ƙone ko kan injin ya tsage. Da safe, injin yana sanyi, a buɗe murfin lagireto a tada mota. In kumfa tana tasowa ba fasawa, ko ruwa yana raguwa kullum ba a ga inda yake yoyo ba, ko baƙin mai ya koma kamar koko, a kashe ta nan take. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In ya taru a kan fistin, zai lanƙwasa sandarsa, gyaran gasket ya zama sayen injin. Gara a yi hayar wata mota ta kwashe tumatir ranar nan. Kada kuma kowa ya buɗe lagireto da zafi.

Akwai al'adar da nake roƙon direbobi su bari: hura wuta a ƙarƙashin injin, ko kanga tsumma mai fetur a bakin shan iska. Mota takan tashi, gaskiya ne, amma fetur yana fashewa kafin lokaci, yana karya ringi, wutar kuwa tana kusa da tiyon mai.

Shawarata ga kowace ƙungiya, sakatare ya ba direba ƙaramin littafi. Kowace safiya ya rubuta minti nawa hayaƙi ya yi, kofi nawa na ruwa ya ƙara, da inda aka sayi mai. Bayan mako biyu a karanta shi a taron kwamiti, a tafi da shi wurin makaniki kafin a yi cinikin aiki.